Motar Nomau da Take Mutuwa a Tsibiri

Ku yaran garaj, ku matso nan cikin inuwa, ku ajiye wayoyin nan na hannunku, tunda kun ce gyaran wutar mota ba aiki ba ne. Na ji ka da kunnena ai, kai mai jar hula. Wai mu ba ma ɗaga komai mai nauyi, sai mu taɓa nan mu taɓa can mu miƙa hannu. To madalla. Ni Lawali tun ina saurayi nake taɓa nan ina taɓa can a garin nan na Maradi, kuma da taɓe-taɓen nan na yi aure, na gina gida a Sabon Gari, na aurar da ƴaƴa, har da uwar wani daga cikinku da ke sunkuyar da kai yanzu. Ban yi arziki ba, amma alhamdu lillahi, tukunyar gidana ba ta taɓa kwana a kife ba sai a shekara guda da kowa ya ji a jikinsa. Labarin shekarar zan ba ku, da na wata tsohuwar mota da ta kusa sa a kira mutumin kirki ɓarawo. Sai dai ku bari in fara nuna muku yadda aikin yake, in ba haka ba ba za ku gane komai ba.

Na shiga garaj ba da jimawa ba bayan Faransawa sun miƙa mulki. Lokacin gyaɗa ce ke riƙe da garin. Da kaka ta yi sai ka ga manyan motoci, kamiyo muke ce musu, sun yi layi suna kwasar buhuna zuwa Kano. Yawancinsu tsofaffi ne da Turawa suka gaji da su suka sayar wa alhazai, masu shan isansi, wato fetur, kamar raƙumi ya samu rijiya, wayoyinsu kuma na naɗe da zare, ba roba ba. Maigidana Baba Lasisi ne, Bayarabe, gajere mai faɗa, wanda Hausarsa ta fi ta wasunku. Ranar da ubana ya kai ni, ko kallona bai yi ba. Ya nuna mini tarin batir a gindin bango, ya ce in jiƙa kanwa in wanke kawunansu har su yi fari. Na yi ta wankin kan batir har damina ta zo ta wuce, rigunana duk suka huhhuje da ruwan batir, uwata tana ta faɗa wai an kai ni koyon sana'a an mai da ni mai wanki.

Kayan aikina ba su cika ko jakar fata guda ba. Turnabis na kwance sukurori, da pansi na kama waya, da ɗan magagari na goge bakin ƙarfe, da wuƙa. Babba a cikinsu kuwa ƙwan fitilar mota ne da na ɗaura wa waya biyu. Ka ɗora ɗaya a jikin ƙarfe, ka taɓa ɗaya inda kake tuhuma. In ya kama, wuta ta iso nan, ka matsa gaba. In bai kama ba, ka koma baya. Ku da kuke jona na'ura ta rubuta muku ciwon mota, ni wannan ƙwan ne na'urata, kuma bai taɓa ce mini batirinsa ya ƙare ba.

Abu biyu Baba Lasisi ya cusa mini, wani lokaci da baki, wani lokaci da ranƙwashi. Na farko, wuta ba ta tafiya sai in tana da hanyar komawa. Tana fita daga batir, ta bi waya, ta kunna abin da za ta kunna, sannan ta komo ta jikin ƙarfen motar, ta bi wata waya mai kauri ta shiga batir. Wannan waya mai kauri ita muke kira mas. Yara masu koyo kullum hanyar fita suke bi, su manta da ta komawa. Na biyu, mota baki biyu take ci da shi. In tana gudu, dinamo ne ke ba ta wuta, injin ke juya shi. In ta lafa, dinamo ya yi sanyi, sai batir ya karɓa. Ku riƙe waɗannan biyun, za ku neme su nan gaba.

Akwai wata mota da na gyara tun ina ƙarƙashinsa, ta masu lambun Jiratawa, tana kawo albasa da rake kasuwa. Shofer ɗinta ya ce duk lokacin da ya sauka gulbi zai haye sai ta mutu. Kowa ya ce ruwa ke shiga delko, wato tukunyar da ke raba wa buji wuta, su bujin kuma su kunna mai a cikin injin. An naɗe delkon nan da roba har ya koma kamar ƙullin goro, ba ta daina ba, ga shi kuma rani ne, babu ko ɗigon ruwa a gulbin. Baba Lasisi ya ce in shiga gaba in zauna kusa da mutumin in yi shiru in kalli hannunsa. Ashe ya rataya wa makullin motar tarin makullan gidansa, da na shago, da layu, da ƴar wuƙar yankan farce. Nauyin nan ya cinye cikin kontak, wato ramin da ake sa makullin. Da motar ta faɗa gangare sai tarin ya yi lilo ya kashe ta. Na cire su na rataya masa a ƙusa, na bar makulli ɗaya tal. Maimakon ya gode sai ya ɓata rai, wai shi ke nan gyaran? Irin ku ne, ya ga cirewar, bai ga wunin da na yi ina haɗiyar ƙura a gefensa ba.

Masu motoci kuwa kowa da halinsa. Shofer zai zo ya ce maka haka kawai ta mutu, bai yi mata komai ba. Babu motar da ke mutuwa haka kawai. Sai ka zaunar da shi, ka saya masa shayi, ka yi ta jan sa da hira har ya faɗi abin da yake yi a lokacin. Alhazai su kuma ba sa taɓa aiko mota garaj da kaya a kai. Wa zai bar dukiyarsa a hannun makanisai? Sai an sauke komai, an share, wani har a wanke, sannan a kawo maka ita wayam a ce ka gama kafin azahar. Ba na ganin laifinsu, ni ma da nawa ne haka zan yi.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi, can ƙarshen mulkin shugaban farko. Gyaɗa ta tafi, gero bai yi ba, mutanen arewa suka sauko da ragowar dabbobinsu suka zauna bayan gari. Baba Lasisi ya riga ya koma ƙasarsu ya bar mini garaj. Motoci da yawa aka ɗora su kan duwatsu. Kayan gyara suka ɓace, sai mu cire na matacciyar mota mu sa wa mai sauran numfashi, buji ma sai mu ƙona mu goge mu mayar. Sata ta yi yawa a tasha, musamman ta batir, don shi ne abin da mutum ɗaya zai ɗauka ya ruga. Aikin da ya rage wa motoci shi ne jigilar hatsi. A shekarar nan buhun gero ba kaya ba ne kawai, duk inda aka ajiye shi idon gari na kansa.

Alhaji Garba yana da sito a kasuwa, da tsohuwar kamiyo guda da ta rage masa a kan ƙafa, mai bodin katako. Tana ɗaukar gero daga Maradi ta bi ta Tsibiri ta kai ƙauyukan gaba. Shofer ɗinta Nomau ne, Bagobiri mutumin Tsibiri, dogo mai zane har kunne, abokina tun muna samari. Ba shi da yawan magana, kuma yana kula da motar nan fiye da yadda wasu ke kula da iyalinsu. Shi ne ɗan fari a wurin uwarsa, Inna Dije, don haka ba ta kama sunansa, ba ta ma kallonsa ido da ido. Gidanta na bakin hanya a shigar Tsibiri. Kullum tana zaune gindin wani gawo a ƙofar gida tana saƙar faifai, tana cewa inuwa ta kawo ta, amma duk unguwar sun san motar take jira. Shi kuma ba ya wucewa sai ya sauka daga hanya, ya tsaya gefe, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon faifanta, ya tashi ya tafi.

A nan motar ta fara mutuwa. Da ya ratse zai tsaya sai ta ɗauke ɗif. Ya murɗa makulli, demarer da ke tayar da injin ko ƙyas. Ba yadda za a tura ta da kaya a cikin yashi, sai a kira samarin unguwa a sauke buhuna, a turo ta kan hanya, a nan sai ta tashi kamar ba ita ba, a sake lodi. Ku duba fa: shekarar yunwa, geron Alhaji a jibge a ƙofar uwar shofer, jama'a sun taru suna kallo. Wata rana buhu ɗaya ya yage wajen saukewa, matan unguwa suka share tsabar da ta zube da yashinta. Kafin motar ta dawo, magana ta riga ta isa Maradi. Aka ce wa Alhaji yaronka na kashe mota da gangan a ƙofar gidansu, ana tsiyaye buhuna a ɗinke.

Alhaji ya aiko mini da ita, wayam kamar kullum. Na tambayi Nomau ko oda tana yi in motar ta mutu. Ya ce bai taɓa dannawa ba, wa zai danna oda a fuskar uwarsa? Amma demarer ba ya motsi ko kaɗan. To wannan ba buji ba ne, ba delko ba ne, wuta ce ke ɗaukewa tun daga tushe. Na je wurin batir sai na tarar ba ya mazauninsa na ƙarfe. Yana cikin wani akwatin katako mai kwaɗo, an kafe shi a jikin bodi bayan kan motar. Aiki mai kyau, har na yaba. Na gwada batir, lafiya lau. Na wanke kawunansa, na ja wayoyinsa, gam suke. Na bi da ƙwan fitilata tun daga batir har delko, ko'ina wuta. Na tayar da ita na bar ta tana kaɗawa, na girgiza duk abin da zai girgizu. Muka fita da ita har Jiratawa muka dawo, muka je Tsibirin ma muka tsaya a gindin gawon, ko tari ba ta yi ba. Da Alhaji ya tambaye ni na faɗa masa gaskiya, ban ga komai ba. Na ga yadda ya gyaɗa kai, raina bai so ba.

Sai Alhaji ya kafa doka, kada Nomau ya ƙara tsayawa a Tsibiri, da kaya ko babu kaya. Nomau ya bi. Motar kuwa ta daina mutuwa. Kai, wannan ya fi komai muni! Alhaji ya ce ai ga shi nan, tun da aka hana shi tsayawa mota ta warke, ashe da ma hannu ne. Ya ce a gaban mutane lodi ɗaya ya rage masa, in ya dawo ya ajiye makulli.

Nomau ya zo garaj da hantsi ya zauna a kan wata taya. Na zolaye shi yadda na saba, na ce Bagobiri yau kuma wa aka ci da yaƙi, bai ko murmusa ba. Ya ce aikin bai dame shi ba kamar sunan. Shofer da aka kora kan sata babu alhajin da zai ƙara ba shi sitiyari daga nan har Kano. Ya ce kuma duk kwanakin nan wucewa yake ta gaban uwarsa da gudu kamar bai san ta ba, ƙurar motarsa na bule ta. Yanzu ma ta daina fitowa gindin gawon. Wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Na ce ya faɗa mini yadda yake tsayawar, kada ya tsallake komai. Ya ce yana rage gudu, ya ratse dama, ƙafafun dama su sauka daga kan hanya su shiga yashi, motar ta ɗan karkace, shi ke nan. Na ce in yana dawowa fa, babu kaya? Ya ce ba ta taɓa yi ba. Na zauna ina lissafi. Ga kaya, ga karkata, ga rage gudu. A garaj babu ko ɗaya. Ranar da muka je Tsibiri akwai biyu, babu kaya. Da Alhaji ya hana tsayawa akwai kaya, babu sauran. Ciwon bai taɓa zuwa gabana ba, kullum a ƙofar sito ake sauke shi kafin a kawo mini motar.

Na wanke hannu na tafi wurin Alhaji a sitonsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ranka ya daɗe alfarma na zo nema. Na ce a yi lodi kamar kullum, shi da kansa ya shiga gaba, ni in hau baya, Nomau ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ya ce ai ya san abokina ne. Na ce shi ya sa nake so ya gani da idonsa, kada ya ji a bakina. In motar ba ta mutu ba, ko ta mutu na kasa nuna masa dalili, to ya karɓi makullinsa, kada kuma ya ƙara kawo mini aiki. Alhaji ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi kamar kowa a shekarar. Ya ja carbinsa, can ya ce gobe bayan an karya.

Washegari na hau kan buhuna da jakata. Hanyar lokacin jar ƙasa ce mai tsiri-tsiri, haƙoranka na kaɗawa har ka isa. Ina ta addu'a a raina, abin dariya, mai gyara na roƙon Allah mota ta lalace. Muka shiga Tsibiri, na hango gawon, babu kowa a gindinsa. Nomau ya rage gudu, ya ratse, ƙafafun dama suka sauka, na ji bodin katako ya yi ƙara a ƙarƙashina, motar ta karkace. Injin ya yi tari ɗaya ya ɗauke.

Samarin unguwa suka taso sun saba, har wani ya kama igiya zai kwance. Na daka musu tsawa daga sama na ce duk wanda ya taɓa buhu ni da shi ne. Alhaji ya sauko ya ce Nomau ya fito ya ba shi makulli. Ya shiga ya murɗa da hannunsa, shiru. Ya danna oda, shiru. Ya fito yana kallona.

Na sa Nomau ya buɗe akwatin batir. Na ɗora ƙwan fitilata a kawunan batir biyu, ya kama fes. Na bar waya ɗaya a kan batir, na kai ɗayar jikin ƙarfen motar, bai kama ba. To wuta na nan, hanyar komawa ce ta yanke. Na kwanta a cikin yashi na shiga ƙarƙashi na bi mas da yatsa. A garaj da ɗan sakinta, yanzu ta miƙe kamar tsirkiya. Kafintan da ya yi akwatin ya ga waya na reto, sai ya lanƙwasa ƙusa ya danne ta a jikin katako don aikinsa ya yi tsaf, yadda zai yi wa igiya. Kai ɗaya a katako, kai ɗaya a ƙarfe. Duk lokacin da kaya suka danne motar ta karkace, katako ya yi nan ƙarfe ya yi can, wayar ke shan ja. A hankali ta tsinke a ciki daidai ƙusar, rigarta a waje lafiya lau. In motar ta daidaita bakunan su haɗu, in ta karkace da kaya su rabu. A kan gudu ko sun rabu dinamo na riƙe da ita. Sai an lafa, a nemi batir a rasa.

Ban yi wa Alhaji dogon bayani ba. Na ce Nomau ya shiga ya danne oda kada ya saki. Na roƙi Alhaji ya tsuguna, na kama yatsansa na ɗora a kan wayar daidai ƙusar, na ce ya tura. Ya tura, oda ta ɓarke har awaki suka watse. Ya saki, ta yi shiru. Ya sake turawa, ta sake yi. Ya yi ta yi kamar yaro ya samu abin wasa, babbar rigarsa na jan ƙasa, jama'a na kallo. Sannan na yanka rigar wayar da wuƙa na nuna masa cikinta, ta rabu biyu, bakunan sun yi baƙi.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya tambaya wa ya sa aka mai da batir cikin akwati. Nomau ya ce shi ne. Ya ce an sace batir na motoci biyu a gefensa a tasha, ya ga in aka ɗauke wannan Alhaji ba zai samu wani ba a garin nan, sai ya kai wa kafinta ya yi masa akwati mai kwaɗo, bai faɗa ba don bai ga abin faɗa ba. Alhaji ya kalli akwatin, ya kalli Nomau. Ni na koma ƙarƙashi. Da ma na zo da wata mas mai tsawo da na ciro daga matacciyar mota, na goge wurin ɗaurinta da magagari har ƙarfe ya yi ƙyalli, na ɗaure, na bar mata saki sosai, na zare ƙusar nan na jefar.

Odar ce ta fito da Inna Dije. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwaryar ruwa, ƴar tsohuwa siririya, ta miƙa wa wani ya kai wa baƙi. Alhaji ya cire takalmi ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa. Sai ya juya ya ce wa samarin su sauke buhu ɗaya su shigar mata, kyauta ce daga gare shi, kowa ya shaida. A shekarar nan fa, da mutane ke haƙa gidan tururuwa suna neman tsaba. Samari har sun fara kwance igiya.

Ta ce, "Alhaji, bar buhunka. In anka ga gero ya shiga gidan ga yau, gobe a ce zancen da anka yi da gaskiya ne. Wanga yaro bai taɓa kawo mini tsabar da ba tashi ba."

Alhaji ya ce to mi take so ya yi.

Ta ce, "Ka bar shi ya riƙa tsayawa."

Nomau na jikin motar ya juya mana baya yana goge madubin da ba shi da datti. Alhaji ya ciro makullin daga aljihu, ya taka har inda yake, ya sa masa a hannu. Ya ce, yadda kowa zai ji, "Nomau, na zalunce ka, ka yafe mini. Tayar da ita."

Ya shiga ya murɗa, ta tashi bugu ɗaya. Na ce kada ya kashe, kada kuma ya taka, ya bar ta a yadda take. Ya sauko ya zagaya ya je gindin gawon, inda tsohuwar ta riga ta zauna ta jawo faifanta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon saƙarta kamar kullum, sai dai na lura hannunta ba ya motsi. Ni da Alhaji muna tsaye gefe. Motar na nan a karkace, ƙafa biyu a yashi, gero har sama, injin na kaɗawa a hankali. Gaisuwar ta yi tsawo ranar, babu wanda ya ce su yi sauri.

Nomau ya ja wa gidan Alhaji mota har idonsa ya raunana, ƴaƴan Alhaji suna kiran sa Baba. Tsohuwar motar kuwa ta ba ni aiki iri-iri bayan nan, dinamo, kontak, fitilu, babu abin da ban taɓa ba a jikinta, amma ba ta ƙara mutuwa a Tsibiri ba. To kai mai jar hula, waccan motar da kuka yini kuna canza mata buji, kun tambayi mai ita mi yake yi in ta mutu? Tashi ka kira shi, ka ce a kawo masa shayi.